Karatun Tsakar Gida



Abin da ya jawo maganar da zan yi yau, wani maƙwabcina ne, magidanci mai sana'ar ɗinki, wanda ya tare ni a ƙofar masallaci bayan an sallame la'asar, ya ce mini, "Malam, ka taimake ni da shawara. Yaron nan ya cika shekara uku, ga kuɗin nazare sun fi ƙarfina, ni kuwa ka san ban yi boko ba, mahaifiyarsa ma haka. Ina tsoron ya zauna a gida ba ya koyon komai." Na dube shi, na dubi yaron da ke riƙe da gefen rigarsa, wanda tun kafin uban ya rufe baki ya riga ya durƙusa ya gaishe ni, ya amsa mini lafiyar mutanen gida, har ya ƙara mini da labarin akuyarsu da ta haifi 'ya'ya biyu, ɗaya baƙi, ɗaya mai roɗi-roɗi, sai na ce a raina, subhanallahi, ga mutum tafe da almajirin da ya shekara uku cur yana ɗaukar darasi a hannunsa dare da rana, amma malamin bai san shi malami ne ba.

Wannan ruɗani ya zama ruwan dare, kuma asalinsa sananne ne. Tun daga shekarar 1909 da Hans Vischer, wanda aka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, har zuwa 1976 da gwamnati ta shelanta ilmin firamare kyauta ga kowa, sannu a hankali kalmar karatu ta riƙa ƙaura daga zaure da tsakar gida tana komawa aji, har ya zama yau idan ba a ga benci da alli da rigar makaranta ba, sai a ɗauka ba a fara komai ba. Allah ya kiyaye in rage wa makaranta daraja, ni da na ci abinci da ita shekaru masu yawa. Amma na san daga abin da idona ya gani cewa malamin aji magini ne da ake kawo wa tubali, wani ne ya haƙo ƙasar ya kwaɓa ta, in an kwaɓa da kyau gini ya miƙe, in kuwa an kawo masa ɗanye sai ya yi ta fama. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar jariri ranar da aka haife shi wajen rubu'in ta babba ce, kafin ya cika shekara 5 kuwa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta. To, ina yaro yake a waɗannan shekaru? Yana bayan uwarsa, yana cinyar kakarsa, yana ƙofar gida cikin ƙura.

Mu fara da goyo. Jaririn da aka ɗaure a baya da majanyi, uwa tana daka da shi, tana tankaɗe, tana cinikin itace ta bayan ƙyaure, tana yi wa yayyensa faɗa, tana amsa sallamar baƙi, mutane suna ganin barci kawai yake yi, alhali kunnensa aiki yake yi wanda babu wani malamin luga da zai iya yi masa. Waɗansu masu bincike a ƙasar Kanada sun nuna a shekarar 1984 cewa jariri ɗan wata 6 zuwa 8 yana iya rarrabe sautuka na harsunan da bai taɓa ji ba, amma kafin ya cika shekara kunnen ya karkata ga sautukan harshen da ake yi a gidansu. Don haka ratar da ke tsakanin kafa da ƙafa, da baki da baƙi, da daka da ɗaka, da karin sautin da ke raba kukan ido da kukar miya, abubuwan da baƙo kan shekara ashirin a cikin Hausawa yana tuntuɓe a kansu, ɗan goyo ya gama tsare su tun bai iya tafiya ba. Ibn Khaldun, babban malamin tarihin nan da ya rasu a Alƙahira a 1406, ya yi bayani a cikin Muƙaddimarsa cewa harshe malaka ce da ke kafuwa a cikin mutum ta hanyar yawan ji da maimaitawa, nahawu kuwa daga baya yake zuwa ya bayyana abin da ya riga ya kafu. Uwar da ke yi wa jaririnta magana tana yi masa wanka, yana gwaranci tana amsa masa kamar ta fahimta, ita ce ke dasa wannan malaka, ko da ba ta san baƙi ɗaya ba.

Amma darasin da na fi so mu tsaya a kansa shi ne aike, domin a ganina babu wata makaranta ta yara ƙanana a ƙasar Hausa da ta kai shi cika, kuma babu wadda aka raina kamarsa. Ku saurari yadda uwa ke aiken ɗan shekara biyar. Sai ta ce, "Zo nan. Je ka gidan Inna mai daddawa, ka yi sallama, ka ce ina gaishe ta, ina yi mata ya jiki. Ka ce ta ba ka ta naira ɗari biyu, ga ɗari biyar nan, ta ba ka canji. In ba ta nan kada ka ba kowa, ka dawo mini da kuɗina. Me na ce?" Yaro ya maimaita, ta gyara masa inda ya tsallake, sannan ya fita.

Ku duba abin da aka ɗora wa wannan ƙaramin kai cikin numfashi guda. An ba shi hadda, domin dole ya riƙe saƙo mai gaɓa biyar ko shida. An ba shi tartibi, domin in ya fara da daddawa kafin gaisuwa Inna za ta dube shi ta ce, "Kai, ba a koya maka gaisuwa ba ne a gidanku?" kuma daga ranar ba zai sake ba. An ba shi sharaɗi da jawabinsa, in tana nan ka yi kaza, in ba ta nan ka yi kaza, wanda shi ne ƙashin bayan ilmin manɗiƙi, kuma a kansa rabin mas'alolin fiƙihu suke tafiya. An ba shi hisabi. An ba shi sanin hanya, ya wuce rijiya, ya bar lungun masallaci a dama, ya shiga gida na uku mai dakali. An ba shi amana, da jarrabawar da ke tare da ita, domin mai alewa yana nan zaune a bakin hanya. Sa'an nan in ya dawo ya tsaya gaban uwarsa ya ce, "Ta ce tana amsawa, wai jiki da sauƙi, wai kuma daddawar ta ƙare sai gobe," ya shiga wani fanni mai zurfi bai sani ba, wato riwaya: ya raba maganarsa da maganar wanda ya aiko shi, ya jingina kowane zance ga mai shi, ya sa "wai" a inda bai gani da idonsa ba. Malaman hadisi sun ƙarar da rayuwarsu a kan wannan ladabi na cewa wane ya ce daga wane, ga shi kuma ɗan shekara biyar yana koyon bakin zarensa a kan daddawa. 

Mu da muka yi ƙuruciya kafin naira ta zo a 1973, aikenmu ya fi na yanzu wuyar lissafi, domin anini goma ke kwabo, kwabo goma sha biyu ke sule, sule ashirin ke fam, ga taro, ga sisi, ga nai a tsakani. Amma ban taɓa ganin yarinya mai tallan ƙosai da aka cuta a canji ba, alhali a aji sai ka ga an yi mako ana fama da yaro a kan jadawalin goma sha biyu da bakinsa ya riga ya sani a kasuwa. Wata Ba'amurkiya mai nazarin al'adu, Enid Schildkrout, ta zauna a Kano a shekarun 1970 tana duba rayuwar yara, ta bayyana yadda sana'o'in matan kulle da zumuncinsu suka rataya a kan ƙafar yaro, shi ke shiga inda babban namiji ba ya shiga, shi ke kai kaya, shi ke kawo labari, ta haka kuma yake sanin gidaje da dangantaka da farashi tun kafin ya balaga.

Wajibi ne in tsaya nan in yi adalci, kada wani ya ɗauki maganata hujja. Tsakanin aike da bauta akwai iyaka. Yarinyar da aka ɗora wa faranti tun hantsi har isha, tana yawo tasha-tasha da gareji-gareji cikin ƙarti, sa'o'inta suna aji, wannan ta wuce koyo, ta zama jari a hannun waɗanda ya kamata su zama garkuwarta, kuma lissafin da ta iya bai biya abin da aka hana ta ba. Aiken da nake yabo shi ne wanda bai fi ƙarfin yaro ba, wanda ake jiran dawowarsa a tambaye shi yadda aka yi.

In rana ta faɗi aka ci tuwo, sai wata makarantar ta buɗe, shugabarta kuwa kaka ce. Al'adarmu ta sa kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kama sunansa. Amma hikimar magabata ba ta bar yaro a rufe ba, sai ta buɗe masa ƙofar wasa da kakanni, inda tsohuwa ke kiran jikanta maigida, tsoho ke kiran jikanyarsa amarya, ana tsokana ana ramawa. A wannan inuwa yaro yake gwada bakinsa ba tsoro, a nan yake tambayar abin da ba zai iya tambayar ubansa ba. Da kaka ta fara tatsuniya ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," aka amsa "Ta zo mu ji ta," yaro ya shiga koyon zama wuri ɗaya ya saurari dogon zance, ya riƙe farkonsa har a kai ƙarshe, ya hango abin da Gizo zai aikata tun bai aikata ba, ya gane dalilin da ya sa kwaɗayin kura kullum ke kai ta ga halaka. Kuma in tsohuwa ta yi gyangyaɗi ta sauya wani wuri, su yaran ne za su ce, "A'a Kaka, ba haka kika faɗa jiya ba." Wannan shi ne abin da malaman aji ke kira fahimtar karatu, wanda muke shan wahalar koya wa 'yan aji huɗu. Sai kacici-kacici, shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, baba na ɗaka gemu na waje, inda ake tilasta wa hankali ya gano kamanni tsakanin abubuwan da ba su yi kama ba, wato ƙiyasi ke nan a rigar wasa. Wanda ya kasa kuma a ce ya ba da gari, ta haka sunayen Katsina da Zazzau da Damagaram suke shiga kunnen yaron da bai taɓa wuce ganuwa ba. Alhaji Abubakar Imam ya san ƙarfin wannan hanya, shi ya sa a Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, ya ɗora tarbiyyar ɗan sarki a bakin aku mai ba da labari.

Game da wasa kuwa, wanda iyaye da yawa ke ɗauka ɓata lokaci ne da ɓata tufafi, ya ishe mu shaida cewa Hujjatul Islam Imam Gazali, da duk tsananinsa a kan tarbiyya, ya yi wasiyya a cikin littafinsa Ihya'u cewa a bar yaro ya yi wasa bayan ya taso daga karatu, domin hana shi na dushe masa basira, ya sa ya ƙi karatun baki ɗaya. Yarinyar da ke carafke tana ƙirga duwatsu, ido da hannu suna koyon haɗin kai. Masu tuwon ƙasa da 'yar tsana suna raba matsayi, wannan uwa, wannan amarya, wannan baƙuwa, suna jayayya suna sulhu. Yaron da ya zauna da kara da ƙaya ya ƙera mota mai ƙafa huɗu da ke juyawa, ya san ma'auni da daidaito tun kafin a gaya masa sunayensu. Can a Kingston ta ƙasar Jamaika, a 1986 da 1987, likita Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta sun ɗauki yara 129 'yan gidajen talakawa waɗanda rashin abinci ya tsumburar, masu wata 9 zuwa 24; waɗansu daga cikinsu aka riƙa tura musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka harhaɗa daga tarkacen gida. Bayan kimanin shekara 20 da aka bibiye su, sai aka tarar waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi musu ba da wajen kashi 25 cikin 100. Abin da aka kai musu daga waje a matsayin magani, mu muna da irinsa zube a tsakar gida, gwangwani ne da murfin kwalba da bakin uwa.

Makarantar allo ta unguwa ma, wadda yaro ke zuwa da safe ya dawo ya ci abinci a gidansu, reshe ce ta wannan rayuwa. Malam maƙwabci ne, shi ya raɗa wa yaron suna, ana kai masa kuɗin laraba, yaya ke riƙe hannun ƙane su tafi, ƙaramin ya zauna a gefe yana jin ƙananan surori har su zauna masa kafin a wanke masa allo. Da aka zo babbaƙu kuma, magabata ba su jefa masa sunayen haruffa da Larabci tsantsa ba, sai suka yi musu laƙabi da harshen da ya sani, ha kuri, am baki wofi, don siffar harafi ta kama abin da ke cikin kansa. Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa haka ya ginu. Malam Abdullahi na Gwandu, a littafinsa Ida'un Nusuhi inda ya lissafa malamansa, ya fara da mahaifinsu wanda ya karantar da shi Alƙur'ani, sa'an nan wansa Shehu, da yawa daga sauran kuma dangi ne na jini. Shehu ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, jagororinsu mata da ake kira jaji suna zuwa wurinta su ɗauki karatu su mayar wa matan ƙauyuka, domin ta san ilmin da ya shiga ɗakin uwa ba ya tsayawa a kanta.

Sai dai duk wanda ya yabi gidansu bai faɗi inda yake yoyo ba, bai yi nasiha ba. Babban aibinmu shi ne kashe tambaya. Mu ne ke cewa tambaya rabin ilmi, mu ne kuma in yaro ya ce me ya sa wata ke bin mu, sai mu ce, "Rufe mana baki, ka cika surutu." Muna son yaro shiru-shiru, muna kiransa mai hankali, alhali sau da yawa tsoro ne muka sa wa rigar ladabi. Ibn Khaldun ɗin nan ya yi gargaɗi cewa tsanani a kan yara yana koya musu ƙarya da kasala da munafunci, domin sun saba ɓoye abin da ke ransu don gudun duka. Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban aji mai yara sittin ya yi tambaya ba wanda ya ɗaga kai, ya san gaskiyar wannan magana. Ladabi wajibi ne, kunya ado ce, amma babu ɗayansu da ya hana a ce wa yaro, "Kai me ka gani?"

Ga kuma sababbin ɓaraka. Gidan gandu ya watse, kaka tana ƙauye, jikoki suna birni bayan katanga da ƙofar ƙarfe. Dandali ya zama shaguna. Zancen ɗa na kowa ne ya yi rauni har maƙwabci na tsoron tsawata wa yaro. Uwa ta gaji, uba ya gaji, sai a miƙa wa ɗan shekara biyu waya don a samu sararawa. Ban ce waya haram ce ba, amma tana magana ne kawai, ba ta jiran amsa, ba ta cewa "Me na ce?", ba ta gyara wa yaro in ya tsallake gaisuwa. Abin da ya fi ba ni takaici kuwa, wata jikanyata da aka sa a wata makarantar nazare ta dawo tana kuka an ci ta tara don ta yi Hausa a aji, yarinyar da ke iya ba ka tatsuniya uku a zama ɗaya aka mayar da ita bebiya mai nanata kalmomin da ba ta san ma'anarsu ba. Alhali a Ile-Ife, tun daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da jama'arsa sun gwada koyar da yara dukan shekara 6 na firamare da Yarabanci, Turanci yana darasi guda, aka tarar ba su kasa takwarorinsu ba ko a Turancin kansa, a darussa da dama ma sun fi su.

Shi kuwa maƙwabcina tela, na ce masa lokacin makaranta in ya zo lalle ya kai yaron, ta allo da ta boko, kada ya yi sakaci; amma kafin nan ya riƙa zuwa da shi shago da hantsi, ya kawar da almakashi da allura daga inda hannunsa zai kai, ya bar masa gwangwanin maɓallai, kuma duk abin da ya tambaya a amsa masa. Shekaranjiya na biya ta wurin karɓar ɗinkina, na tarar da yaron zaune a kan tabarma ya kasa maɓallai kashi-kashi, farare daban, baƙaƙe daban, masu ido biyu daban, masu ido huɗu daban, uban yana kan keke yana ce masa, "Miƙo mini zare shuɗi, ba wannan ba, mai duhun." Ya miƙa, ya komo ya ɗauki wani maɓalli guda ya juya shi, ya juya shi, sa'an nan ya ɗaga kai ya ce, "Baba, wannan fari ne kuma idonsa huɗu, wane wuri zan sa shi?" Uban ya tsayar da keken, ya dube ni, ya dubi maɓallin, ya ce, "To, kai ina ka ga ya dace?" Na karɓi rigata na bar su suna shawara.